Takalmin da Aka Ba Ladan

Ni ƙafar mutum nake fara kallo kafin fuskarsa. Sana'a ce ta mai da ni haka. Da tallan takalman gwanjo na fara, ina yawo da su a buhu, daga baya na samu tebur, daga tebur na kama shago a bakin titin Gyadi-Gyadi, kusa da babban asibiti. Nas-nas ne suka ɗaga ni, don kowace sai ta sayi farin takalmi, shi kuwa farin takalmi ba ya daɗewa. Zuwa shekarar da sojoji suka koma bariki, da wuya ka sami magidanci a layinmu da ban san lambar ƙafarsa ba.

A shekarar ne wani Alhaji ya kama hayar babban gida a bayan masallacinmu. Fostocin zaɓe ko gama ɓarewa daga bango ba su yi ba. Ya ce yana da mutane a sabuwar gwamnati, an ba kamfaninsa kwangilar shigo da takin zamani, duk wanda ya zuba kuɗi zai riƙa karɓar riba wata-wata. Watannin farko kuma ya biya. Ma'aikatan asibiti, malaman makaranta, 'yan kasuwar Tarauni, kowa ya kai. Wanda ke kawo masa mutane wani siririn bawan Allah ne daga Daurawa, mai ladabi, kullum yana bisa babur. Sakatare muke ce masa.

Ni ban zuba ko kwabo ba, kuma dalilina ƙarami ne. Ranar da Alhajin ya fara shigowa shagona ya zaɓi baƙin sau-ciki, irin mara igiya, na fata, ɗan waje, lamba arba'in da biyar. Na faɗi kuɗin da nake faɗa don a taya, sai ya zaro ya biya. Sau uku yana sayen takalmi a wurina, bai taɓa tayi ba. Wanda ya sha rana kafin ya sami kuɗi ba ya haka. Sakataren kuwa akasinsa ne. Sai ya yi rabin awa yana juya takalmi, ya taya, ya tafi, ya dawo ya ƙara kaɗan, a ƙarshe ya ce bari ya yi shawara.

Ina da maƙwabci, mutumin kudancin Kaduna, Kirista, wanda ya ƙare aikin koyarwa ya yi ritaya. Kowa Ticha yake ce masa, matarsa kuma Sista, don nas ce. Shi ya koya wa 'ya'yana lissafi a tsakar gidansa, bai taɓa yarda na biya shi ba. Da na ji zai kai wa Alhajin kuɗin sallamarsa gaba ɗaya, na je na same shi.

Na ce, "Ticha, mutumin nan ba ya tayi."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wato da takalmi kake auna kamfani? Mai shago, ka tsaya a ƙafa, ka bar mana kai."

Ba a yi wata biyar ba riba ta tsaya. Alhaji ya daina fita, ana zuwa a ce ya tafi Abuja. Wata Alhamis da yamma Ticha ya tsaya a ƙofar gidan ya ɗaga murya, abin da ban taɓa jin ya yi ba. Ya ce shekara talatin da biyar na alli ne a cikin kuɗin nan, kuma ko shi ko Alhaji. Mutane da yawa sun ji.

Washegari Juma'a, muna dawowa daga masallaci muka ji kururuwa. Matar Alhajin ta dawo daga gidan suna a Babban Giji ta tarar da shi kwance a falon baƙi, an buge shi a ƙeya, rai ya yi halinsa. Ashe duk kwanakin nan yana cikin gida, ko masallacin Juma'a bai je ba don gudun masu nemansa.

Kafin 'yan sanda su iso, jama'ar da ta taso daga masallaci ta cika gidan. Falon yana da kafet, saboda haka duk wanda zai shiga sai ya cire takalmi a bakin ƙofa, ko da gawa zai leƙa. Takalma suka taru tuli. Ni ma na shiga, na fito, na lalubi nawa na sa.

Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa a bakin layin ta ce ta ga Ticha ya nufi gidan ana cikin huɗuba. Nan take lissafin unguwa ya cika: duk Musulmi namiji yana masallaci, wa ya rage a layi? Ga kuma maganar jiya. Kafin la'asar an tafi da shi. Ba zan ɓoye ba, ni ma kwana biyu na yi ina tunanin ko baƙin ciki ya sa ya aikata. Na san yadda asara ke juya mutum.

An sallamo gawar daga asibiti aka yi jana'iza. Sakatare shi ne a gaba wajen karɓar gaisuwa, idanunsa jawur. Ranar sadakar bakwai matar ta fito da suturar mamacin aka raba wa mabuƙata, kamar yadda aka saba.

Kwana biyu bayan nan, da azahar, na sunkuya zan cire takalmina a ƙofar masallaci sai na ga ladaninmu ya iso da baƙin sau-ciki. Dattijo ne ɗan ƙarami, tun da na san shi silifa yake sawa, in ta tsinke ya ɗaure da waya.

Na ce, "Baba Ladan, an yi sabon ango ke nan?"

Ya ce, "Na marigayi ne, Allah ya ji ƙansa. Hajiya ta aiko min."

"Ya yi maka daidai?"

"Kamar a ƙafata aka ɗinka."

Na yi sallar nan, Allah ya yafe min, hankalina yana bakin ƙofa. Ladan lamba arba'in da ɗaya yake sawa. Takalmin Alhaji in ya sa, sai ya yi iyo a ciki.

Da aka idar na roƙe shi ya bi ni shago, na ce zan goge masa. Na ɗora takalmin a tebur na juya shi. Baƙi ne, sau-ciki, in ka hango daga nesa sai ka ce irin na Alhajin ne, amma wannan ɗinkin gida ne, kuma ya sha tafiya. Saman na hagu, daidai babban yatsa, fatar ta goge ta yi fari. Giyar babur ce kaɗai ke cin takalmi a wurin. Ƙasan na dama ya lotsa a tsakiya, wurin da ake taka kik. Bayan duka biyun a take yake, ya kwanta, irin na mutumin da ke cire takalmi sau biyar a rana ba tare da ya sunkuya ba. Alhaji mota yake hawa. Ticha kuwa bai iya ko keke ba, kuma tun da na san shi takalmi mai igiya yake sawa, ya ɗaure tsaf.

Na tambayi ladan a ina aka ɗauko shi. Ya ce shi dai an ce na ƙofar falo ne. Na aika matata ta yi wa Hajiya gaisuwa ta tambaye ta a hankali. Ta dawo ta ce haka ne: ranar da abin ya faru, da jama'a suka watse, takalmi ɗaya ya rage a ƙofar falon. Kowa ya ɗauka na maigidan ne, tun da shi kaɗai ne ya shiga bai fito da ƙafarsa ba. Aka ɗauke aka ajiye cikin kayansa.

To in wannan ba nasa ba ne, ina nasa? Na san ɗan wajen nan yake sawa kullum. Tambayar nan ta hana ni ciniki ranar. Wata nas ta zo sayen farin takalmi na miƙa mata ƙafar hagu biyu.

Washegari na bi Sista kai wa Ticha abinci a caji ofis. A hanya ta ce min an ce mako mai zuwa za a kai shi kotu da tuhumar kisa, daga nan sai gidan yari. Ba ta yi kuka ba. Ta ce ita dai hawan jininsa take tsoro, don maganin ba kullum yake shiga hannunsa ba.

Na same shi ya rame, gemu ya fito fari fat. An cire masa igiyar takalmi da bel, yana riƙe da wando da hannu ɗaya.

Na ce, "Ticha, ka je gidan ranar?"

Ya ce, "Na je. Na san duk masu tsare masa ƙofa sun tafi masallaci, na ce yau sai ya gan ni. Na yi sallama sau uku a ƙofar falo. Na ji ana magana ƙasa-ƙasa, da na yi sallama aka yi shiru. Na tsaya kaɗan, na ji kunyar kaina, na koma gida. Na gaya musu haka ya fi sau goma."

"Takalmi nawa ka gani a ƙofar?"

Ya dube ni. "Ana maganar wuyana kana maganar takalmi?"

"Nawa?"

Ya rufe ido. "Na mutum biyu. Baƙaƙe."

"Wane iri?"

"Mai shago, kai ne mai kallon ƙafa. Ni fuska na je gani."

Na koma na sake duba takalmin. An yi wa dunduniyarsa faci da robar taya, an kafe da ƙusa uku a jere, an bi gefen da koren zare. Masu gyaran takalmi kowa da hannunsa, kuma na san mai koren zare: wani Babarbare ne da ke zama ƙarƙashin bishiyar darbejiya a kasuwar Tarauni, mun daɗe muna hulɗa. Na ba ladan aron sababbin silifa, na sa takalmin a leda na tafi.

Ban ce masa komai ba, na ajiye a gabansa. Ya ɗaga ya duba.

Ya ce, "Ya sake kashe shi? Na gaya masa ya sa tsumma a giyar nan, ba ya ji."

"Wa?"

"Sakataren Alhajin da aka kashe mana. Sau uku ina yi masa wannan. Yana tayin faci kamar zai sayi gona."

Sai a lokacin wani abu ya faɗo min. Ranar Asabar, kwana ɗaya bayan kisan, Sakatare ya shigo shagona da silifar wanka a ƙafa. Ya nuna baƙin sau-ciki, arba'in da ɗaya. Na faɗi kuɗi, ya biya ya fita. Na tuna har na ce a raina, Allah sarki, mutuwa ta sa ya manta tayi.

Na zauna a bencin mai gyaran nan na daɗe. Na san Sakatare, na san yana da mata da yara ƙanana, mun sha haɗa sahu. Ban ga ya bugi kowa ba. Abin da na sani kawai shi ne ya shiga falon ya cire takalminsa, ya fita bai sa shi ba. Kuma a lokacin mutum ba ya kai kansa caji ofis haka kawai. Mun saba tun zamanin soja cewa wanda ya kawo labari shi ake fara zaunarwa a bayan kanta. Matata ta ce, "Maigida, kai da shagonka, me ya kai ka?" Na ce mata ranar Litinin za su kai Ticha kotu.

Na je da safe, da ladan da ledar takalmi. Mai binciken wani Sufeto ne mai jiki, ya saurare ni yana wasa da biro.

Ya ce, "Mai shago, mun yi kwana goma muna bincike, kai ka zo da takalmin ladan?"

Na ce, "Yallaɓai, ba na ladan ba ne, ba kuma na mamacin ba ne."

"Kai ka zuba kuɗi a kamfanin?"

"Ban zuba ba."

"Me ya sa? Kowa ya zuba kai ka ƙi. Me ka sani?"

Na ga inda maganar ta nufa. Na ce, "Ba ya tayi, yallaɓai." Wani sajan da ke gefe ya tuntsire da dariya.

Sufeton ya miƙo ƙafa daga ƙarƙashin tebur. "To masani, nawa nake sawa?"

Na ce, "Ƙafarka arba'in da uku ce, amma arba'in da huɗu kake saye, saboda ƙaramin yatsan dama yana damunka. Ga shi ya turo fatar."

Ya janye ƙafar. Ya ce da sajan ya daina dariya ya kawo mota. Ya ƙara da cewa yanzu mulkin farar hula ne, lauyoyi sun yi yawa, in ya kai mutum kotu da shaidar mai gyaɗa kaɗai za su yi masa tsirara, don haka gara ya duba.

Muka je gidan. Hajiya tana takaba, daga bayan labule ta sa aka fito da sauran takalman mijin da ba a rabar ba. Sufeto ya jera su a ƙasa ya ajiye na ladan a gefe. Ko makaho ya shafa zai gane, kamar ɗa ne kusa da ubansa. Na ce a tambaye ta baƙin ɗan wajen da yake sawa kullum. Ta ce ai shi aka ba ladan. Aka miƙa mata ta labule. Ta juya shi ta duba, sannan ta ce, "Wannan ba nasa ba ne. Ni ban duba ba. Wa zai duba?"

A hanyar fita Sufeto ya tsaya wurin mai gyaɗa. Ya ce ranar, ban da Ticha, ta ga wani baƙo? Ta ce a'a. Ya ce babur fa? Ta ce, "Babur ɗin Sakatare dai yana jingine a bango, amma ai kullum yana nan." Ya ce ta ga fitarsa? Ta ce ta ji tashinsa ana cikin salla, ta ɗauka ya makara ne yana sauri. Ya ce me ya hana ta faɗa? Ta ce, "Ɗan nan, cewa kuka yi wane baƙo na gani. Sakatare ɗan gida ne."

Ban bi su Daurawa gidan Sakatare ba. Sun bar ni a caji ofis ina rubuta bayani har la'asar, ba abinci, kuma ban tabbata za a bar ni na tafi ba sai da aka bar ni. Sajan ne ya ba ni labari daga baya. Sakatare ya ce yana masallaci ranar, takalminsa kuma sace shi aka yi a can. Suka bincika ɗakinsa suka sami takalmin Alhaji ɗan waje a saman silin, a naɗe cikin jarida, an goge shi. Sajan ya ce shi abin da ya ba shi mamaki ke nan, me ya hana shi jefawa a kududdufi? Ni bai ba ni mamaki ba. Mutumin da ke tayin faci ba zai iya jefar da takalmi irin wannan ba, hannunsa ba zai yarda ba.

Abin da Sakatare ya faɗa daga baya, kamar yadda na ji a kotu ranar da na je ba da shaida, shi ne dangin matarsa da mutanen ƙauyensu duk ta hannunsa suka zuba. Ranar Juma'ar ya gane Alhajin ya haɗa jaka zai gudu ya bar shi da su. Suna cikin maganar Ticha ya yi sallama, suka yi shiru har ya tafi. Bayan nan abin ya faru. Ya fito a gigice ya zura ƙafa a baƙin takalmin da ya fara tarar. Sai da ya zo taka kik ya ji ƙafarsa tana yawo a ciki, kuma ya kasa komawa. Ya zauna kwana bakwai yana karɓar gaisuwa a ƙofar gidan, yana zaton wani a cikin jama'a ya tafi da nasa. Takin zamani kuwa ko buhu ɗaya ba a taɓa shigowa da shi ba.

Har yau in na tuna, abin da ke tsaya min shi ne cire takalmin. Ya zo da zuciya a wuya, amma ya tsaya a bakin kafet ya cire, don haka aka koya mana duka. Mu kuma da muka zo bayansa muka cire namu a kai, muka binne shaidar da ladabi, sannan muka yi sadaka da ita.

Ladan bai sake ganin takalmin ba, ya zama kayan kotu. Ya yi ta min ƙorafi cewa sau ɗaya a rayuwa ya sami sau-ciki na raba shi da shi, sai da na ba shi sabo daga shago. Wasu a unguwa sun daɗe ba sa sakin fuska da ni, wai na fitar da bare na tura ɗan'uwa. Ban yi musu da kowa ba. Waɗanda suka rantse Ticha ne kuwa, kaɗan ne suka je ba shi haƙuri. Liman ya je, ni na raka shi.

An saki Ticha ranar Laraba, bai shiga kotu a matsayin wanda ake tuhuma ba. Kuɗinsa bai dawo ba, ya koma koyarwa a wata makarantar kuɗi a Tarauni da tsufansa. Ranar da ya fito, bai wuce gida kai tsaye ba. Na hango shi yana jan ƙafa a bakin titi, Sista tana riƙe da ledar kayansa, takalminsa yana buɗe baki saboda igiyar ta ɓata a caji ofis. Ya shigo ya zauna a benci yana haki.

Ya ce, "Mai shago, kana da igiya baƙa?"

Na ɗauko. Na ce ya bar shi kawai.

Ya ce, "A'a. Faɗi kuɗinta."

Na faɗa.

Ya juya igiyar, ya ja ta ya gwada ƙarfinta, ya ce, "Ta yi tsada. Rage."

Na rage. Ya ce na ƙara ragewa. Sista ta ce, "Baban yara, don Allah mu je gida ka sha magani." Ya ce ta dakata, ciniki yake. Sai da muka daidaita ya biya, ya sunkuya ya zura igiyar rami bayan rami, ya ɗaure tsaf, sannan ya tashi.